Daga madubin labo zuwa idon duniya: jagora ga mai binciken ƙwayoyin halitta a Maraɗi

A ƙarshen shekarar karatu da ta wuce wata ɗalibar da ta kammala mastar ta shigo ofishina da kundinta a hannu. Aiki ne mai kyau. Ta shuka albasa cikin ruwan da ta ɗebo daga rijiyoyin lambu daban-daban na bakin gulbi, ta yanka kan saiwoyin, ta rina su, ta zauna makonni gaban madubi tana ƙidayar ƙwayoyin da ke rabuwa. Ta ce mini: "Malam, yanzu ina za a kai shi?" Na san inda irinsa ke zuwa. Kwafi ɗaya a kan kantar sashe, ɗaya a gidan mahaifinta, shi ke nan, ƙura ta rufe. Abin ya tsaya mini a rai, domin wani mai bincike a Indiya ko Burazil da ke neman irin waɗannan alƙaluma ba zai taɓa sanin an yi aikin ba.

Saboda ita da ire-irenta, da kuma ƙannena malamai da ke shirin kai takardunsu gaban CAMES, hukumar Afirka da ke tantance malaman jami'a don ƙarin girma, na rubuta wannan. Abin da nake son a riƙe guda ne. Ana ambaton aiki ne idan wani ya iya samunsa, ya iya yarda da shi, ya kuma iya amfani da shi. Duk matakan da ke ƙasa hidimar waɗannan ukun suke yi.

Fara da sanin abin da ake ƙidayawa

Ambato shi ne wani marubuci ya sa maƙalarka cikin jerin ayyukan da ya dogara da su. Wurare uku ne aka fi duba lissafinsa: Google Scholar, wanda kyauta ne kuma yana kwaso kusan komai har da kundayen digiri, sai Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate, waɗanda ke ƙidaya mujallun da suka tantance kaɗai. Kada ka yi mamaki in ka ga Google Scholar ya ba ka lamba mai yawa, Scopus ya ba ka ƙasa da ita. Kowannensu da girman taskarsa.

Ma'aunin h, wanda masanin fizik Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ya fito da shi a 2005, za ka iya lissafa shi da alƙalami. Jera maƙalunka daga wadda aka fi ambato zuwa ƙasa, ka nemi ta ƙarshe da ambatonta ya kai lambar matsayinta a jerin. A ce kana da goma, ambatonsu 40, 22, 15, 9, 6, 4, 2, 1, 0, 0. Ta biyar tana da 6, ta kai biyar. Ta shida tana da 4, ba ta kai shida ba. To ma'auninka 5 ne. Lura da cewa ko da ta farkon ta haura zuwa 400, ma'aunin ba zai motsa ba. Abin da zai ɗaga shi zuwa 6 shi ne ta shidan ta samu ƙarin ambato biyu. Kuma ma'auni ne da ke fifita dattawa, tunda ba ya raguwa, sai dai ya ƙaru da shekaru. Matashin da ya gama doktora bara bai kamata ya gwada kansa da farfesan da ya shekara talatin yana rubutu ba.

Akwai kuma ma'aunin tasirin mujalla da Eugene Garfield ya assasa. Ana ɗaukar ambaton da maƙalun shekara biyu da suka gabata suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Na mujalla ne, ba naka ba. Ƴan maƙalu kaɗan ne ke jan lambar sama, sauran suna bin inuwa. Masana fanninmu ne ma suka fara ɗaga murya a kan haka: a taron ƙungiyar masana ƙwayoyin halitta ta Amurka da aka yi a San Faransisko cikin Disamba 2012 aka tsara sanarwar DORA, wadda ta nemi a daina auna mai bincike da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Amma masu ba da tallafi da masu ƙarin girma har yanzu suna duba lambobin, don haka dole ka san su.

Haɗa sunanka wuri ɗaya kafin komai

Wannan mataki bai cin ko dala, amma a nan mutanen Nijar muka fi asara. Sunayenmu an rubuta su da rubutun Faransanci, kuma kowace takarda da nata salon. Mahamadou a nan, Mahamane a can, Mamane a wata. Takardar haihuwa ta sa sunan uba gaba, fasfo ya sa shi baya. Mujalla ta ɗauki sunan yanka a matsayin sunan dangi, wata ta juya. Na ga abokin aiki da maƙalunsa suka watse ƙarƙashin sunaye uku a Scopus, kamar mutum uku ne, kowanne da ɗan guntun ambato.

Zauna yau ka yanke: wane suna ne zai zama na dangi, waɗanne ne za a taƙaita da harafin farko. In ka yanke, kada ka sake canzawa. Ƴan'uwa mata, wannan ya fi shafar ku. In kin fara bugawa da sunan mahaifinki, ki ci gaba da shi ko bayan aure. Daga nan buɗe ORCID, wanda ya fara aiki a 2012. Lamba ce mai gurbi 16 da ke bin ka har ƙarshen aikinka, kyauta, minti goma sun isa. Ka cika duk sauran rubutun sunanka a ciki, ka riƙa ba da lambar duk lokacin da za ka aika maƙala. Sai ka buɗe shafin Google Scholar da adireshin imel na jami'a in kana da shi, ka bar shi a buɗe kowa ya gani. In Scopus ya riga ya raba ka, akwai fom na neman a haɗe bayanan marubuci, shi ma ba a biya.

Sunan jami'a ma haka. Rubuta Université Dan Dicko Dankoulodo de Maradi cikakke, iri ɗaya kullum, tare da sashe da Maradi da Niger. Kada a bar "Niger" ya zama "Nigeria" a hannun mai gyaran mujalla. Yana faruwa, duba shi a kwafin gyara na ƙarshe.

Zaɓi tambaya ɗaya da ƙasarka ta ba ka fifiko a kai

Ba za mu yi gasa da labon Jamus wajen na'urorin miliyoyi ba, kuma ba dole ba ne. Yoshinori Ohsumi na Japan ya fara ganin yadda ƙwaya ke cin sassan jikinta ne cikin yis, wato ƙwayar da ke kumbura burodi, da madubin haske irin na kowa. Ya buga a 1992, ya karɓi kyautar Nobel a 2016. Abin da ya fi ƙarfin na'ura a wurinsa shi ne ya zaɓi abu ɗaya ya zauna a kansa shekaru.

Mu kuwa abin dubawa yana bakin ƙofa. Jinin masu sikila da yadda jajayen ƙwayoyi ke lanƙwashewa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin yara daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da asibitoci ke cika. Yadda ƙuduji ke soka saiwar hatsi da wake yana tsotse su. Gubar aflatoksin da ke fitowa cikin gujiyar da aka adana da danshi, da abin da take yi wa ƙwayoyin hanta. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙetare. Magungunan ƙwari da masu lambu ke fesawa, da tasirinsu kan rabuwar ƙwaya. Wanda ke Landan ba zai samu waɗannan samfura ba sai ta hannun irinka.

Kuskuren da na fi gani shi ne tsalle-tsalle. Bana zogala, baɗi ruwan rijiya, shekara mai zuwa cutar kaji, don kawai ɗalibi ya zo da shi. Maƙala goma a fanni goma ba sa kiran juna, kuma babu wanda zai san ka da komai. Maƙala biyar a kan tambaya ɗaya suna tallafar juna, duk wanda ya samu ɗaya zai bi sawu ya samu sauran. Raba tambayarka gida-gida, kowane ɗalibin mastar ya ɗauki gida ɗaya.

Wani abin lura: maƙalar da aka daɗe ana lissafawa a matsayin wadda ta fi kowace samun ambato ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, kan yadda ake auna furotin, ta haura ambato 300,000. Ta Laemmli ta 1970 da ta Bradford ta 1976 na biye, su ma hanyoyin aiki ne. Mutane na ambaton abin da suke aiki da shi. In ka gano dabarar adana samfurin jini ko saiwa cikin zafin Afrilu ba tare da firji mai ɗorewa ba, ka gwada ta, ka tabbatar, rubuta ta. Masu irin matsalarka suna da yawa daga Senegal zuwa Sudan.

Yi aikin yadda baƙo zai yarda da shi

A nan zan daɗe, don a nan masu tantancewa, wato masanan da mujalla ke bai wa maƙala su duba kafin a buga, ke mayar mana da aiki.

Ɗauki gwajin albasar nan. Ana barin saiwa ta fito kwana biyu zuwa uku, a yanke kanta, a kafe ta cikin haɗin etanol kashi uku da asid asetik kashi ɗaya, a tausasa da asid haidurokulorik, a rina da aseto-orsin, a danne ƙarƙashin gilashi. Albasa tana da kuromozom 16, manya, suna fitowa sarai. Ana raba yawan ƙwayoyin da ke rabuwa da jimillar waɗanda aka ƙidaya. To ga tarkon: ɗalibi ya ƙidaya ƙwaya dubu daga albasa guda, ya rubuta cewa samfurinsa dubu ne. A'a, samfurinsa ɗaya ne. Ƙwayoyin albasa ɗaya ƴan gida ɗaya ne. Maimaici na gaskiya shi ne albasa daban-daban, kuma zai fi kyau a sake gwajin a ranaku daban. Haka yake ga jini: filin madubi ɗari daga yaro ɗaya, yaro ɗaya ne. Mai tantancewa da ya san aikinsa wannan zai fara dubawa.

Kada a manta da gwajin kwatance, wato albasar da aka sa cikin ruwa mai tsabta, da kuma wadda aka sa cikin sinadarin da aka riga aka san yana lahani. Kuma a rufe sunayen gilasan da lambobi, wani ya riƙe makullin, don mai ƙidaya kada ya san wanne yake dubawa. Ido yana ganin abin da zuciya ke so.

Hoto shi ne shaidar mai binciken ƙwaya. Ko da wayar hannu ka ɗauka ta bakin madubi, ajiye asalin hoton kada ka taɓa shi, ka yi aiki a kan kwafi. Kada a tura hotunan bincike ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su ya zubar da bayanai. A tura a matsayin fayil ko a sa a kebul. Kowane hoto ya zama da sandar ma'auni, wadda za ka samu ta ɗaukar hoton gilashin awo da kowane ruwan tabarau sau ɗaya. Manhajar ImageJ da ƴar'uwarta Fiji kyauta ne, suna awo da ƙidaya, suna aiki ba intanet. In za ka ƙara haske, ƙara wa hoton duka bai ɗaya, har da na kwatance. Goge wani tabo, ko liƙa ƙwaya daga wani hoton, ko amfani da hoto ɗaya a gwaji biyu, wannan maguɗi ne ko da niyyarka kyautata gani ce. Journal of Cell Biology ta fara binciken hotunan maƙalun da ta karɓa tun 2002, yanzu mujallu da yawa na yi da manhaja. Maƙalar da aka janye tabo ce da ke bin suna.

Littafin labo ya zama mai ɗinki, a rubuta da biro, da kwanan wata. Rubuta zafin ɗaki, rubuta in wuta ta ɗauke da tsawon lokacin da firji ya tsaya. Bayanai kuma a ajiye wuri uku: kwamfuta, faifan waje, da intanet. In aikin ya shafi jinin mutum, izinin kwamitin ɗa'a da yardar mai jinin ko iyayensa kafin a fara ne, ba bayan an gama ba. A bayyana musu da Hausar da suke ji. Mujalla ta kirki ba za ta karɓi aikin da babu lambar izini ba, kuma haƙƙin mutane ne tun kafin zancen mujalla.

Harshe, take da taƙaitawa

Da Faransanci muka yi karatu, amma mafi yawan masu karanta ilimin ƙwayoyin halitta da Ingilishi suke nema. Shawarata: babban sakamakonka ya fita da Ingilishi. In da Faransanci ka buga, to aƙalla take da taƙaitawa su kasance da harsunan biyu. Katsina na nan kusa, ta Ɗan Isa da Jibiya, Kano da Zariya ma ba nisa. Abokin aiki daga can zai gyara maka Ingilishi, kai ka buɗe masa rubuce-rubucen Faransanci, ku yi shawara da Hausa.

Take ya faɗi abin da aka gano, da sunan halittar na kimiyya. "Nazari kan wasu tsirrai a yankin Maraɗi" ba wanda zai same shi. Sa Allium cepa, sa Pennisetum glaucum, sa Plasmodium falciparum, sa sunan sinadarin. Taƙaitawa ta ƙunshi lambobi: samfuri nawa, bambanci nawa. Mutane da yawa iyakar abin da za su karanta ke nan kafin su yanke shawarar buɗe maƙalar. Don jera manazarta yi amfani da Zotero, kyauta ne, kuma kada ka ambaci abin da ba ka karanta ba.

Sunayen marubuta a yanke su tun ranar fara aiki. Ɗalibin da ya yi ƙidayar ya kuma rubuta daftarin farko shi ne na farko. Sa sunan wanda bai taɓa aikin ba don girmamawa al'ada ce da ya kamata mu bari. Akwai sashen godiya. Haka in ka aika samfuri Turai: a rubuta yarjejeniya tun farko kan matsayinka da mallakar bayanai, kada ka zama mai ɗebo jini kawai.

Inda za ka kai shi

Imel zai zo maka yana yabonka, yana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in ka biya. Araha ba ta ado. Irin waɗannan mujallu ba sa tantance komai, manyan taskoki ba sa ƙidaya su, kuɗinka da aikinka sun tafi tare. Kafin ka aika, nemi sunan mujallar da kanka a PubMed, taskar maƙalun lafiya da ilimin halitta, ko jerin Scopus, ko DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta. Kada ka yarda da tambarin da suka manna a shafinsu. Buɗe maƙalu uku da suka buga ka karanta, ka duba ko kowace na da lambar DOI, wato lambar shaidarta ta dindindin a intanet, mai aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka dubi manazartarka: mujallun da kai kake ambato, can masu karatunka suke.

Kuɗin bugawa a buɗe, wato yadda kowa zai karanta kyauta, yakan kai dubban daloli, amma kada ya tsorata ka. Nijar na cikin ƙasashen da shirin Research4Life ke bai wa damar karanta mujallu kyauta, ta Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara a 2002 da AGORA na fannin noma, kuma mawallafa da yawa na yafe kuɗin bugawa ga marubutan irin waɗannan ƙasashe. Sai dai a nemi yafewar lokacin aikawa, ba bayan an karɓa ba. Akwai kuma mujallun da ba sa karɓar komai daga marubuci. Sakamako ƙarami mai hoto ɗaya yana da gida a microPublication Biology. Mujallun Afirka na kirki suna AJOL, shafin da ke tattara su a intanet. Kuma tun kafin ka fara, karanta sharuɗɗan CAMES na yanzu kan irin mujallun da kwamitin fanninka ke karɓa, don suna sauyawa.

Kafin mujalla ta gama tantancewa, wanda kan ɗauki watanni, za ka iya sa daftarin a bioRxiv, shafin ajiye daftarin maƙalun ilimin halitta da aka buɗe a 2013. Kyauta ne, yana samun DOI, ana iya ambatonsa, yana kuma kafa shaidar ranar da ka riga kowa. In aikin ya shafi marasa lafiya, medRxiv ne wurinsa. Duba dai ko mujallar da kake nufi ta yarda da haka. Mafi yawa a fanninmu sun yarda.

In an mayar maka da maƙala, kada ka amsa a ranar. Bari kwana biyu, sannan ka ɗauki maganganun masu tantancewa ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da ka gyara da shafin da yake. Inda ba ka yarda ba, kawo hujja cikin ladabi. In sun ƙi gaba ɗaya, gyara ka aika wata. Kada dai ka aika wa mujallu biyu lokaci guda.

Bayan ta fito

Da yawa a nan suke tsayawa, alhali saura rabin tafiya. Sa kwafin da mujalla ta halatta a taskokin intanet na HAL ko Zenodo don wanda ba shi da kuɗin rajista ya samu. Sa ɗanyen alƙaluma da hotuna a Zenodo, jerin DNA a GenBank. Wanda ya yi aiki da bayananka zai ambace ka. Aika gajeren imel ga mutum biyar ko goma da ka ambata, ka ce ga abin da muka samu a Maraɗi, ya yi daidai da naku ko ya saɓa. Gabatar da shi a tarukan kimiyya a Yamai da maƙwabta, ka kai wa abokan aiki na cibiyar binciken noma ta INRAN da ke nan in ya shafi noma. Kuma ka koma wurin masu lambun da suka bar ka ka ɗebi ruwan rijiyarsu, ko iyayen da suka yarda aka ɗebi jinin ƴaƴansu, ka faɗa musu abin da aka gani. Wannan ba ya shiga Scopus, amma bashi ne a wuyanka.

Ambaton kai halal ne in sabon aikin ya ginu kan tsohon. Abin da ba ya halatta shi ne cusa maƙalunka inda ba su da alaƙa, ko yarjejeniyar "ambace ni in ambace ka". Scopus na iya cire ambaton kai da dannawa ɗaya, mai dubawa zai ga abin da ya rage.

Ambato yana da nawa. Wanda ya karanta ka yau sai ya yi nasa gwajin, ya rubuta, a tantance, a buga. Shekara biyu ko uku ke nan kafin ka ga alama. Aikin Gregor Mendel kan gado ya fito a 1866, sai a 1900 aka waiwaye shi. Saboda haka ba amfanin leƙa lambarka kullum. Kunna sanarwar Google Scholar ta riƙa aiko maka duk wanda ya ambace ka, ka karanta abin da ya yi da aikinka, domin a nan ake samun tambaya ta gaba da abokin haɗin gwiwa. Sau ɗaya a shekara, lokacin babban hutu, zauna ka share shafin: cire maƙalun mai irin sunanka da suka shigo, haɗe waɗanda suka fito sau biyu, sabunta ORCID, ka ajiye kwafin kowace maƙala da shaidar taskar da ta ƙidaya ta cikin jaka ɗaya don ranar haɗa takardun CAMES.

Ɗalibar nan kuwa mun sake zama da ita. Albasa uku kacal ta yi wa kowace rijiya, don haka za ta ƙara biyar-biyar da zarar sanyi ya shigo, ta rufe gilasan da lambobi, ƙawarta ta riƙe makullin. Ta riga ta buɗe ORCID da sunan mahaifinta.